Tafiyarmu Kebbi da malaman saikoloji, da maganar wa ke da ikon kai yaro asibiti

A ƙarshen daminar da ta wuce na bi tawagar malamanmu zuwa Jihar Kebbi aikin bincike, kuma tun da muka dawo abun yake ta cina a rai, na ce bari dai in zauna in rubuta ko wani zai ƙaru. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin yara kafin Allah ya nufe ni da komawa makaranta yin mastas, kuma ɓangaren da na shiga shi ne saikoloji na lafiya. Kusan duk wanda na gaya wa sai ya ce au, kin koma wajen masu taɓin hankali kenan? Ba shi ba ne, ko da yake akwai dangantaka. Mu abun da muke bi shi ne yadda tunanin mutum da tsoronsa da abun da ya yi imani da shi da mutanen da yake zaune cikinsu suke taɓa lafiyar jikinsa. Me ya sa wani zai sha maganinsa har ya ƙare wani kuma da ya ji dama-dama sai ya tura sauran ƙarƙashin katifa, me ya sa mai hawan jini ya san gishiri na cutar da shi amma ya kasa ragewa, me ya sa uwa za ta kai ɗanta allurar farko ba a sake ganinta a ta uku ba. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ɗakin yara cikin Agusta da Satumba, ya ga yadda ake shigowa da su jini ya ƙare ido ya yi fari fat, ya san tambayoyin nan ba na wasa ba ne.

Tawagar ba wata babba ba ce. Akwai Dakta, shi ne shugaba, akwai Malama wadda aikinta duk a kan mata masu jego yake, akwai ɗalibinsu mai karatun digirin digirgir, sai mu 'yan mastas, sai Baba direba. Dalilin zaɓar Kebbi kuwa a fili yake. A binciken maleriya na ƙasa na 2021, kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada an samu ƙwayar cutar a jininsu, alhali na ƙasa gaba ɗaya kashi 22 ne, babu jihar da ta kai ta. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya a Najeriya a watan Disamba 2024 aka fara da Kebbi da Bayelsa. Allurar sunanta R21, masana a Jami'ar Oxford ta Ingila ne suka haɗa ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta, kuma sau huɗu ake yi wa yaro: yana wata 5, wata 6, wata 7, sannan ta ƙarshe a wata 15. To tambayar Dakta ita ce, me ke sa a dawo, me ke hana dawowa? Kafin mu taka ko'ina sai da takardunmu suka bi ta kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, suka karanta tambayoyinmu ɗaya bayan ɗaya, suka tabbatar ba za mu rubuta sunan kowa ba kuma duk wanda ya ce ba ya so to ba ya so. Kuɗin tafiyar ma ɗan tallafin bincike ne na jami'a, an lissafa shi har kuɗin ruwan leda.

Ta Funtuwa muka bi. Baba direba ya ce shi fa ba zai shiga hanyar Tsafe ba sai rana ta ɗaga motoci sun yi yawa, kuma ba wanda ya yi masa musu, kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, motar ta yi tsit kowa na jan carbinsa har muka hango Gusau. Daga nan ne baki ya buɗe. Muka wuce Talatar Mafara, muka kwana Sakkwato, da safe muka ɗauki hanyar Tambuwal, Aliero, Jega, Kalgo, sai Birnin Kebbi. Shi Dakta mota ma aji ce a wajensa, yana gaba ya juyo yana ta ba mu tarihi, cewa fannin nan yaro ne ba tsoho ba, a 1977 ne wani likitan Amurka George Engel ya yi rubutun da ya ce ba a fahimtar cuta da duba jiki kaɗai sai an haɗa da zuciyar mara lafiya da zamansa cikin jama'a, kuma a 1978 ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka ta buɗe wa fannin sashensa na kansa. Ya ce tun kafin nan ma, wajajen 1950, ma'aikatan lafiya a Amurka sun rasa gane dalilin da ya sa ake kai motar ɗaukar hoton ƙirji kyauta har unguwa don gano tarin fuka amma mutane ba sa fitowa, daga wannan ne masana saikoloji su Hochbaum da Rosenstock suka fito da tsarin da muke karantawa har yau: mutum zai tashi neman kariya ne in yana jin cutar za ta iya kama shi, in yana ganin tana da haɗari, in ya yarda abun da aka ce ya yi zai yi amfani, in kuma wahalar yin bai fi ƙarfinsa ba. Takardar tambayoyinmu duk a kan wannan aka gina ta.

A Birnin Kebbi ba mu daɗe ba, gaisuwa ce da kai takardu da karɓar wasiƙar da za mu nuna a ƙaramar hukuma, sai muka nufi Argungu inda za mu yada zango. Wallahi duk wanda bai ga fadamar nan a ƙarshen damina ba, ba zai gane maganar sauron Kebbi ba. Shinkafa ce kore shar iya ganinka, ruwa kwance ko'ina, gulbi ya cika ya batse, jiragen kwale-kwale na kai da kawo, ga mata a gefen titi da faranten soyayyen kifi. Abun da ke ciyar da mutane shi ne kuma ke raya sauron, ba yadda za ka ce wa manomin shinkafa ya nisanci ruwa. Mun samu wani yammaci mun leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da Sarki Yakubu Nabame ya gina, mun ga makamai da layu da kayan kamun kifi da kaburburan sarakunan Kabi, mun kuma je bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da aka fara tun 1934. Wurin shiru ba kowa sai 'yan yara na wanka, amma ni na ji daɗin ganinsa haka.

Ƙauyen da muka fi zama ba zan faɗi sunansa ba, haka alkawarinmu yake. Sai da muka fara zuwa wajen mai gari, Dakta ya cire takalmi ya durƙusa, Allah shi ba ka nasara, ya yi bayani tiryan-tiryan cewa mu ba masu allura ba ne, ba masu raba kaya ba ne, ba mu zo rubuta sunaye don tallafi ba, tambaya kawai muka zo yi. Wannan na ƙarshen sai da aka maimaita shi sosai, don da an ga baƙo da takarda da biro abun da ke zuwa ran mutane kenan. Limamin garin da ke zaune gefe ya ce, "To mi za ku yi da maganganun in kun kwasa?" Dakta ya ce za a rubuta a kai wa masu tsara aikin lafiya, kuma za mu dawo mu karanta muku abun da muka rubuta. Liman ya gyaɗa kai ya ce Allah shi sa, an sha hwaɗi muna haka. Maganar nan ta zauna min. Batun dangwala yatsa a fom ɗin amincewa da a yi hira da mutum kuwa da yawa ba su so ba, kuma ban ga laifinsu ba, mutanen arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, ba su manta rigimar allurar shan inna ta 2003 ba, ko wanda ba a haifa ba a lokacin ya ji a bakin manya. Don haka wanda bai son dangwale sai mu karanta masa bayanin ya amsa da bakinsa a rikoda gaban shaida, dama kwamiti ya amince da hakan.

Ni da Malama mu ke shiga cikin gida tunda maza iyakarsu zaure. Gidan da ya fi tsaya min a rai gida ne na mata biyu da surukarsu. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu, amaryar na tsaye tana surfe da goyo a bayanta, uwargida na tsince shinkafa a faifai, tsohuwar kuma na zaune bakin ɗakinta da carbi tana kallonmu ba ta ce komai ba. Amaryar muka zo nema don ɗanta ne ya isa allurar. Ta shiga ɗaki ta fito da katin rigakafin a cikin ledar burodi, an naɗe shi an ɗaure da zare, ko ɗigon mai babu a jikinsa. Na buɗe na duba, ta haihuwa an yi, ta sati 6 da 10 da 14 duk an yi, ta maleriya ta farko an yi, ta biyu an yi, gurbin ta uku fayau kuma lokacinta ya wuce da daɗewa. Na fara karanto mata tambayoyi, kin yarda sauro ke kawo zazzaɓin nan? Ta ce ƙwarai. Kina ganin zai iya kashe yaro? Ta kalle ni ta ce haba Malama, wa ab bai sani ba. Kina ganin allurar na da amfani? Ta ce tana gani. Kowace tambaya amsarta daidai da abun da littafi ke so, in da a takarda kaɗai za a tsaya wannan matar ta fi kowa cancantar kai ɗanta, amma ga kati a hannuna yana faɗin wani abu daban.

Malama ce ta ajiye takardar ta juya wajen tsohuwar ta ce, Inna, ke ba ki ce komai ba. Sai tsohuwar ta gyara zama ta ce, "Ɗiyata, ba ƙin allura mu kai ba. Yaron ga ranar da anka yi mai ta biyu kwana yay yi shina kuka, jiki ya yi zahi, ni nig goya shi har asuba. Bayan nan kuma zazzaɓi yak kama shi sai da munka sai magani kemis. Nic ce to ina amfanin ta? Kuma ubanai na hwadama, can shika kwana gadin shinkahwa, wa ka ba ta izni, wa ka biyan kabu-kabu zuwa da dawowa?" Amaryar ta ci gaba da surfenta kanta a ƙasa. Uwargida ta ce a hankali, ranar ma da za a koma ta faɗo ranar kasuwa.

Kun ga abubuwa nawa ne a cikin 'yar maganar nan. Ɗan zafin jiki bayan allura abu ne da aka sani kuma yana wucewa, amma in ba a gaya wa wadda za ta kwana goyon yaron ba to ita abun da ta gani shi ne an kai lafiyayye an dawo da mai kuka. Allurar kuma ba ta hana maleriya ɗari bisa ɗari, a gwajin da aka yi ta rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin ɗari a wuraren da cutar ke zuwa da damina, kuma wannan ma sai an cika allurai ukun farko, sannan ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Duk wannan bayanin da a ce an yi shi, to amaryar aka yi wa a layin asibiti cikin hayaniya, ita kuwa wadda maganarta ke da nauyi a gidan tana zaune bakin ɗakinta ba wanda ya je ya same ta. Ga shi wata 5 da wata 7 ba lokutan da iyaye suka saba kai yara allura ba ne, tafiya ce aka ƙara musu, kowace tafiya kuma kuɗi ce da izini da barin aikin gida. Na zauna wajen tsohuwar na yi mata bayani a matsayina na nas bayan mun kashe rikoda, na ce Inna ko yanzu aka kai shi za a yi masa, ba a cewa ya makara. Ta ce to bari ubanai shi taho.

A wani gidan kuma akasin haka muka tarar. Yarinya ce ƙarama, ɗanta na fari ya rasu daminar da ta gabata, zazzaɓi da jijjiga, kafin a samu abun hawa a kai shi rai ya yi halinsa. Wannan na biyun ko allura ɗaya ba ta bari ta wuce ba, a ƙafa ma zuwa take. Amma da Malama ta fara yi mata tambayoyi goma na ma'aunin damuwar masu jego, wanda aka haɗa a Edinburgh tun 1987, sai ga hawaye. Ba ta barci, dare duk tana tashi tana taɓa jikin yaron, abinci ba ya mata daɗi, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kar a ce ba ta yi tawakkali ba. Malama ta kashe rikoda ta matsa kusa ta riƙe hannunta suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, daga baya da yardarta ta haɗa ta da ma'aikaciyar asibitin yankin. A katin asibiti wannan uwa ce abar misali, ba inda za a ga abun da take ɗauke da shi. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, abu ne mai kyau, amma kafin amfaninta ya iso tsakar gida irin wannan akwai sauran aiki babba.

Dare kuwa shi ne lokacin makaranta ta gaske. Bayan isha'i mu taru a barandar masauki, a jona laftof da wayoyi kafin a kashe janareta, kowa ya sa abun ji a kunne yana juye hirar da ya ɗauko zuwa rubutu kalma bayan kalma, kuma hirar da ba ta kai awa ɗaya ba sai ta cinye maka dare, balle ga Kabanci da sai ka mayar ka sake ji. Dakta na gefe da jibgin takardun jarabawar 'yan aji biyu da ya taho da su yana maki, don aikin koyarwa ba ya jiran bincike. A nan aka yi muhawarar da ban manta ba. Mai digirgir ya dage cewa takardar tambayoyi ita ce ƙashin bayan aikin, ita ke ba da alƙaluma, alƙaluma kuma su masu tsara manufa ke saurara, kuma mujallun da ake buga bincike ba sa ɗaukar labarin tsohuwa ɗaya. Gaskiya ya faɗa, kuma shi ke da difens a gabansa, wato kare bincikensa gaban malamai, yajin aikin wata takwas na 2022 ya riga ya ci masa lokaci. Malama ta ce ba ta ƙi ba, amma tsarin da muka ɗauko ya ɗauka mutum ɗaya ne ke jin ciwo, shi ke tunani, shi ke yanke shawara, shi ke sa hannu a aljihu, alhali a gidajen da muke shiga mai ciwon daban, mai jinya daban, mai kuɗi daban, mai cewa a je ko kar a je daban. Ta ce in muka auna tunanin amarya kaɗai muka buga, za mu fito da sakamakon da zai ce iyaye mata sun waye amma ba sa zuwa, daga nan a sake zuba kuɗi a wayar da kan wadda kanta a waye yake. Dakta ya daɗe bai ce komai ba, can ya ajiye jan biro ya ce a ƙara zama da maza da kakanni, kuma ya ce wa mai digirgir wannan ba rushe aikinka ba ne, babi ne aka ba ka kyauta. Ni ina bayan Malama ɗari bisa ɗari, don abun da ta faɗa na gan shi shekara da shekaru a bakin gadon yara ban dai san yadda zan faɗe shi ba sai a daren.

Zaman da aka yi da maza a dandali bayan la'asar ni ban zauna ba, a rikoda na ji. Sun yi maganar gidan sauro, cewa ana rabawa kuma suna karɓa, amma sabo yana sa ƙaiƙayin fuska, da zafi kuma ba ya shiguwa, wanda ke kwana a fadama kuwa ina zai ɗaura shi. Da aka tambaye su ko an gaya musu a shanya sabo a inuwa kwana guda kafin a shiga, wasu sun ji wasu ba su ji ba. Abun da suka yaba baki ɗaya shi ne maganin da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a damina, na 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake ba da na ranar farko a gaban mai rabo a bar wa uwa na kwana biyu. Wani dattijo ya ce wannan shi ka iske mu gida, ba mu ka bin shi ba. Wani kuma ya ce shi ba a taɓa kiransa an yi masa bayanin allurar nan ba, sai dai a aiko mata ta ce ya ba da kuɗin mashin.

A hanyar dawowa muka tsaya Aliero, don Dakta na da niyyar aikinsa na gaba ya zama kan masu ɗori. Garin an san shi da abu biyu, albasa da ɗori, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006. Ko da ba kakar albasa ba ce ka shigo za ka ji ƙamshinta ka ga buhuna a gefen titi. Masu karaya kuwa daga nesa ake kawo su, har daga Nijar da Benin tunda Kebbi ta yi iyaka da su duka. Wani dattijo mai ɗori ya yarda muka zauna muka kalli aikinsa, da izinin mara lafiyar. Saurayi ne ya faɗo daga mashin ƙwaurinsa ya karye. Baban bai fara da ƙafar ba, sai da ya tambaye shi garinsu, ya tambayi mahaifinsa, ya ce ai na san kasuwarku, yana magana yana shafa ƙafar a hankali da yatsu har yaron ya saki jiki, sannan ya yi bisimilla ya yi tofi, yaransa biyu suka riƙe, ya ja ya daidaita, ihu ɗaya yaron ya yi. Aka shafa magani, aka jera karare aka ɗaure da tsumma, ya ce masa ga ranar da zan kwance in duba, ga abun da za ka ci, kuma kana nan kusa da ni ko cikin dare ne a tashe ni. Maganar kuɗi ko tashi ba ta yi ba sai daga baya, ita ma a hankali da wan yaron.

Ba zan ɓoye ba, ni na ga ɗaya fuskar abun. Na yi jinyar yaran da aka ɗaure musu hannu tamau jini ya daina gudu, aka kawo su yatsu sun yi baƙi ba abun da ya rage sai yankewa, na ga karayar da ƙashi ya huda fata aka rufe ta da magani ta ruɓe. Wannan ba abun da za a yi wa kwalliya ba ne. Na tambayi dattijon da ladabi, Baba, in ƙashi ya fito waje fa? Ya ce wannan ba nashi ba ne, asibiti shika turawa, kuma yanzu har hoto yakan ce a ɗauko masa kafin ya taɓa wasu. Ba duka ke yin haka ba, shi ma ya faɗa. Amma da muka tambayi masu jinya me ya sa nan ba asibiti ba, ba wanda ya ce don bai san asibiti ba. Tsoron a yanke ƙafa, tsoron a ce ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, sannan wata mata ta ce nan ana kallon idonka in ana maka magana. Wannan kalmar ta yi min nauyi a matsayina na ma'aikaciyar asibiti, don na san yadda layi ke tsawo da yadda nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda, na kuma san duk da haka gaisuwa da bayanin minti biyu ba sa cin ko kwabo. Kuma abun mamaki, tsoron yankewar nan da ke hana zuwa da wuri shi ke sa a zo a makare har yankewar ta zama dole, labari ya koma gari cewa asibiti yanke ƙafa suke, na gaba ma ya ƙi zuwa. Dakta ya ce irin wannan zagayen shi ne ainihin abun da fanninmu ya kamata ya kwance, kuma ba za a kwance shi ba sai masu ɗorin sun zauna a teburin.

Yanzu muna makaranta, hirarrakin na nan muna ta juyewa muna warewa kashi-kashi, maganar izini gefe, maganar kuɗin hanya gefe, maganar zafin jiki bayan allura gefe, duk ranar Laraba a zauna samina a yi ta ja-in-ja a kan wace magana ta shiga wane kashi. Mai digirgir na fama da alƙalumansa, Malama na rubuta takardar da za ta kai taro, ana kuma lissafin kuɗin buga bincike a mujallun waje da ake biya da dala. Duk wannan dole ne, da shi ake samun ƙarin girma kuma da shi aikin ke shiga hannun masana. Amma ni abun da na ɗaura wa aniya shi ne alkawarin da aka yi a gaban liman. Na roƙi Dakta ya bar min wannan ɓangaren ya zama cikin furojet ɗina, ya amince: in taƙaita abun da muka samu a shafi biyu da Hausa, a karanta shi a zauren mai gari gaban maza, a sake karanta shi a cikin gida gaban kakanni, a kai kwafi asibitin yankin da ƙaramar hukuma, mu kuma ji ko sun yarda haka suka faɗa ko mun karkatar. An sa komawar bayan girbin shinkafa lokacin da mazan za su dawo daga fadama, kuɗin man mota ne Dakta ke nema yanzu.